Garejin da ke ƙara wa tsofaffin Massey Ferguson ƙarfin ja a Maradi

Aikin wannan gareji na bakin hanyar Ɗan Issa ya fi kyau a kan taraktocin Massey Ferguson 165 da 290 masu injin Perkins. Abin yabo, ba sa taɓa famfon gazuwal sai sun auna matsin kowace silinda. In zoben fistan ya ci, hayaƙi kawai ƙarin gazuwal zai haifar.

Daga nan su gwada kawunan allura, masu fesa gazuwal cikin silinda, a kan na'ura, su daidaita bawul a milimita 0.30 injin na sanyi, su wanke matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa. Sau da yawa wannan kaɗai kan maido da ƙarfin da ya ɓace. Sannan su ɗan buɗe famfon gazuwal ɗin, ƙirar CAV, kaɗan-kaɗan, har hayaƙi ya fara duhu lokacin jan kaya, sai su rage. Baƙin hayaƙi mai kauri gazuwal ne da bai ƙone ba, yana zafafa kan injin, yana wanke man jikin silinda.

Inda ba mu gamsu ba shi ne turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska. Suna ɗora shi a kan fistan na asali, ba tare da bututun da ke fesa man inji ya sanyaya fistan ba. A zafin Afrilu, da tirela cike da buhunan gero, hakan kasada ce. Kuma ba sa duba kuloci sai an tambaya, alhali shi ke fara zamewa in ƙarfi ya ƙaru.

Ka nemi su zuba ruwa a tayoyin baya, kashi 75 cikin ɗari, don su yi nauyi, kada su yi ta juyawa cikin yashi.