Taskar Muryoyin Malaman Shari'a ta Jami'ar Kambirij

Makonni uku ke nan ina shiga taskar Eminent Scholars Archive, wadda ɗakin karatun shari'a na Squire da ke Jami'ar Kambirij a Ingila yake kula da ita a intanet, kuma a ganina duk ɗalibin lauya da yake jin Turanci ya kamata ya leƙa ta. Aikin taskar shi ne a zauna da tsofaffin malaman shari'a da alƙalai, a yi musu tambayoyi kan rayuwarsu da aikinsu, a naɗi muryarsu, sannan a rubuta hirar a ajiye tare da hotuna da taƙaitaccen tarihin mutum. Ba a biyan ko sisi kafin a saurara ko a karanta.

Lesley Dingle, ma'aikaciyar ɗakin karatun a lokacin, ita ce ta soma aikin a 2005 ta hanyar yin hira da Farfesa Kurt Lipstein, wanda aka haifa a Frankfurt a 1909, ya baro Jamus a zamanin Hitler, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Kambirij. Ya rasu a 2006, wato da an yi jinkirin shekara biyu kacal, da ya tafi da abin da ke cikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗa murya da rubutu. Nakan sa abin sauraro a kunne da daddare, in buɗe rubutacciyar hirar a kwamfuta ina bi layi-layi, sai in ji inda dattijo ya yi jim kafin ya ambaci sunan malaminsa, ko inda ya yi 'yar dariya, abin da takarda ba ta iya ɗauka. Hukuncin kotu yana nuna matsayar da alƙali ya cimma ne kawai, amma a nan mutum yake jin gidan da ya taso, da waɗanda suka yi masa tarbiyyar aiki, da shari'o'in da suka tsaya masa a rai. An kuma yi bayanin sunayen da suka fito a hirar a ƙasan shafi, wanda ya hutar da ni bincike.

Ga ɗan Nijeriya ko Kamaru, akwai sunaye biyu da ba baƙi ba ne. Rosalyn Higgins tana cikin alƙalan Kotun Duniya da suka yanke hukuncin Bakassi ranar 10 ga Oktoba, 2002, kafin ta shugabanci kotun daga 2006 zuwa 2009, shi kuma James Crawford, wanda ya rasu a 2021, yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa Nijeriya a wannan shari'a. Dukkansu biyu an yi hira da su.

Iyakar taskar tana cikin sunanta, domin manyan masana ake nema, galibi masu alaƙa da Kambirij, saboda haka mai son jin muryar ƙaramin alƙali ko magatakardar kotu ba nan zai nufa ba. Tambayoyin kuma na girmamawa ne, ba na titsiye ba. Wasu hirarrakin an yi su ne a zama da yawa, don haka wanda datarsa ba ta da yawa gara ya fara sauke rubutun, ya zaɓi zaman da zai saurara.