Tallafin NHSC ko bashi: wanne ya fi wa ɗalibar likitanci a Amurka

Hajiya, barka da arziki, Allah ya sanya albarka a gurbin karatun likitanci da 'yarmu ta samu. Kin ce tana tsakanin neman tallafin NHSC, shirin gwamnati mai biyan kuɗin karatu a yi masa hidima daga baya, da cin bashi. In 'yar ƙasa ce, kuma ranta na kan zama likitar iyali, ko ta yara, ko ta mata da haihuwa, ta nemi NHSC, kada ta tsaya wata-wata. In kuwa tiyata ce a zuciyarta, ko har yanzu ba ta san inda ta dosa ba, ta ci bashin gwamnatin tarayya. Na banki kuma sai in an rasa yadda za a yi.

Ni NHSC ce ta ɗauki nauyina daga shekarata ta biyu har na gama, don haka ki saurare ni da sanin cewa wadda ta ci moriyar abin ce ke magana. Shiri ne na gwamnatin tarayya, a ƙarƙashin hukumar HRSA ta ma'aikatar lafiya, kuma tun shekarun 1970 ake yinsa. Suna biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya, kai tsaye zuwa asusun makarantar. Suna ba da wani abu na littattafai da kayan aiki da inshorar lafiya, sannan ga alawus kowane wata na haya da abinci. Alawus ɗin nan ana cire masa haraji, kuɗin makarantar kuwa ba a cirewa. Abin da suke so a madadin haka shi ne aiki: shekara ɗaya ta tallafi, shekara ɗaya ta hidima a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci, mafi ƙaranci shekara 2 ko da shekara ɗaya kawai suka biya, mafi yawa shekara 4.

Ba zan manta da farkon zangon da tallafin ya fara aiki ba. Na buɗe shafin biyan kuɗi na makaranta kamar yadda na saba, gabana na faɗuwa, sai na ga sifili a gurbin abin da ake bina. Na kira mahaifiyata, ta yi ta hamdala har muryarta ta shaƙe. Daga nan karatuna ya canja. Na daina lissafin kuɗin ruwa a tsakiyar darasi, na daina tunanin ko in sayi littafi ko in jira wani ya gama da nasa. Kwanciyar hankalin nan tana da daraja a karatun da ke cin mutum dare da rana, kuma ba a rubuta ta a kowace takardar kwatanta kuɗi.

Hidimar ba ta farawa sai an gama horon ƙwarewa a asibiti, kuma shekarun horon ba sa shiga lissafi. Mutane da yawa suna zaton aikin kyauta ne. Ba haka ba ne: asibitin da ya ɗauke ta zai biya ta albashin likita cikakke. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta zaɓi duk inda ta ga dama. Akwai jerin wuraren da aka amince da su, kuma masu tallafin karatu ana tura su inda ƙarancin ya fi tsanani: cibiyoyin lafiya na al'umma, ƙananan asibitocin karkara, asibitocin 'yan asalin ƙasar, gidajen yari, da unguwannin talakawa a cikin manyan birane. Ita za ta nemi aiki a cikin jerin, a yi mata ganawa kamar kowa.

Ni a wata cibiya na yi tawa, a wani ƙaramin gari na manoma. A makon farko wani dattijo ya shigo da hula a hannu, ya ce ƙafarsa ce ke damunsa. Da ya cire takalmi na ga miki a ƙasan babban yatsa wanda ya daɗe, shi kuwa ko zafinsa ba ya ji. Ciwon suga ne ya ci jijiyoyin, kuma rabonsa da ganin likita an yi shekaru, saboda asibitin da ya fi kusa tafiya ce mai nisa kuma ba mai kai shi. Muka yi ta fama, wanki da ɗauri da daidaita magani, har mikin ya rufe ba a kai ga yanke komai ba. Bayan haka shi ya riƙa kawo maƙwabtansa da kansa, ya zauna a waje yana jiransu. Irin wannan aiki ne, kuma wanda aka halitta don shi ba ya jin ana binsa bashin shekaru.

Amma akwai wahala, kuma gara ta ji daga bakina. Wurin yana iya yin nisa da ku, nisa da masallaci, nisa da duk wani mai jin yarenmu. Marasa lafiya sun fi ƙarfin ma'aikata, ƙwararren da za a tura mutum wurinsa yana can wata uwa duniya. In ta yi aure kafin lokacin, aikin mijin ma sai ya shiga lissafi. Albashin likitan matakin farko, irin na iyali ko na yara, kuma bai kai na likitan tiyata ko na fata ba, ko kusa.

Babban abin da nake so ki zaunar da ita ku tattauna shi ne tarar karya alkawari. In ta karɓi tallafin, ta gama makaranta, sannan ta ce ita tiyata za ta yi, ko ta ƙi zuwa hidimar, doka ta ce ta biya ninki uku na abin da aka kashe mata, da kuɗin ruwa a kai, kuma cikin shekara ɗaya. Wadda aka kashe wa dala 250,000 ta koma ana binta 750,000 kafin a zo maganar ruwa. Fannonin da aka yarda da su ƙidayayyu ne: likitancin iyali, na cututtukan manya, na yara, na mata da haihuwa, da na taɓin hankali. Matsalar ita ce ɗalibi ba ya sanin ransa sosai sai shekara ta uku, lokacin da ake zagayawa da shi sashe-sashe a asibiti. Na ga waɗanda suka shigo suna rantsuwa da likitancin yara, suka shiga ɗakin tiyata sau ɗaya, shi ke nan zuciya ta tafi. Saboda haka kada ta sa hannu don kuɗin kawai. In tana shakka, akwai mafita: ta fara da bashin gwamnati, in ta kai shekarar ƙarshe ra'ayinta bai canja ba, NHSC tana da wani shiri na 'yan ajin ƙarshe da ke biyan bashi har dala 120,000 a madadin hidimar shekara 3.

Bashin gwamnatin tarayya nauyi ne, amma nauyi ne mai ƙa'ida. Ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC ta nuna cewa matsakaicin bashin da ɗalibi ke fita da shi ya kai kusan dala 200,000. Kuɗin ruwansa na farawa ne tun ranar da aka saki kuɗin, ba ya jiran a gama karatu. Waɗanda suka karɓa a zangon 2025 zuwa 2026 an yanka musu kashi 7.94 cikin ɗari. Ki lissafa da kanki: dala 50,000 a kan wannan farashi tana haifar da kusan dala 4,000 a shekara, wato kusan dala 11 kullum, tana barci tana farke. Ga kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da kuɗin ruwa ba saboda addini, wannan ma dalili ne mai ƙarfi na fifita tallafin, kuma ni ya yi mini nauyi a sikeli.

Alherinsa shi ne sassauci. Ana iya ɗaure biyan wata-wata da abin da mutum ke samu, abin da ke ceton likita a shekarun horo lokacin da albashi bai taka kara ya karya ba. Akwai shirin PSLF, wanda aka kafa a 2007: wanda ya yi biya 120, wato shekara 10, yana aiki da gwamnati ko da asibitin da ba na neman riba ba, za a yafe masa ragowar, kuma gwamnatin tarayya ba ta cire haraji a kan abin da aka yafe. Shekarun horo suna shiga cikin goman nan in asibitin ya cancanta, kuma yawancin asibitocin koyarwa sun cancanta. In rai ya yi halinsa, ko mutum ya samu naƙasa ta dindindin, bashin ya faɗi, ba a bin iyali. Sannan tana da 'yancin zama kowace irin likita a duk inda take so.

Sai dai kada ki ɗauki shawarar waɗanda suka gama shekarun baya ba tare da kin duba ba, don dokar ta canja. A da ɗalibi na iya cike duk giɓin da ya rage da wani bashin gwamnati mai suna Grad PLUS har iya abin da makaranta ta ce karatun zai ci. Dokar da Shugaba Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta rufe wannan ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yuli 2026, ta kuma sa iyaka ga ɗaliban likitanci: dala 50,000 a shekara, 200,000 jimla. Alhali shekara huɗu, in aka haɗa da masauki da abinci, a matsakaici ta haura dala 250,000 a makarantun gwamnati, ta haura 350,000 a masu zaman kansu. Giɓin nan shi ne zai tura yara da yawa hannun bankuna.

Na banki na taɓa cin kaɗan a shekarata ta farko, kuma abin kirki ɗaya da zan iya faɗa a kansa shi ne kuɗin sun fito da wuri. Ba ya shiga PSLF, ba ruwansa da ko albashi ya yi ƙasa, wani ma ruwansa hawa yake yi. Kuma ke za su nema ki tsaya mata. Ki sani duk wanda ya sa hannu a matsayin mai tsayawa, bashin nasa ne daidai da na mai karɓa. In ta makara wata ɗaya, sunanki ne zai ɓaci tare da nata. In dole ta kama, a ci iya giɓin kawai, a zaɓi mai ruwa tsayayye, a karanta abin da takardar ta ce game da mutuwa da kuma cire mai tsayawa daga baya. Nan gaba kuma za su yi ta aiko mata da tayin mayar da bashin gwamnatinta zuwa nasu da ruwa mai sauƙi. Ranar da ta yarda, duk sassaucin da na lissafa a sama ya tafi, kuma ba a dawowa.

Maganar takardun zama tana iya yanke hukuncin tun kafin a fara. NHSC sai ɗan ƙasa. Mai katin zama na dindindin yana samun bashin gwamnati amma ba ya samun NHSC. Mai bizar karatu ba ya samun ko ɗaya, sai tallafin makaranta ko banki. Soja ma suna da nasu, HPSP, a rundunar ƙasa da ta ruwa da ta sama, suna biyan komai da alawus, amma kaki za ta saka, kuma su ke da ta cewa kan inda za ta zauna.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan damfara, don lokacin nan ne kakarsu. Cike FAFSA, fom ɗin neman tallafi da bashin karatu na gwamnati, kyauta ne a shafin studentaid.gov, neman NHSC ma kyauta ne. Duk wanda ya ce a biya shi ya "tabbatar" mata da sukolashif, ko ya kira ya ce ta ci wani tallafi da ba ta nema ba amma sai an tura kuɗin rajista, ko ya ce zai goge bashi nan take, ɓarawo ne ko da ya sa tambarin gwamnati a wasiƙarsa. Wasu har cikin mutanenmu suke, suna zuwa da sallama da sunan taimako. Kada ta ba kowa kalmar sirrin asusunta na FSA, wato na shafin studentaid.gov, don da ita ake sa hannu a takardar bashi da sunanta.

Ko da NHSC take so, ta cike FAFSA yanzu, saboda masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa amsa ba ta fitowa sai karatu ya kankama. Gwamnati tana ɗaukar ɗalibin likitanci a matsayin mai cin gashin kansa, amma makarantu da yawa sai sun ga bayanan kuɗin iyaye kafin su ba da nasu tallafin, wasu ta fom ɗin CSS Profile, don haka ki tanadi takardun harajinku. Tallafin da makaranta ke bayarwa kyauta ne, ba a mayar da shi, kuma kada a raina shi. Jami'ar New York (NYU) ta daina karɓar kuɗin karatun likitanci tun 2018, kwalejin Albert Einstein ta bi sahu a 2024 bayan kyautar dala biliyan 1 daga Ruth Gottesman, Johns Hopkins ma a shekarar ta yafe wa ɗaliban da iyalansu ke samun ƙasa da dala 300,000. In makaranta fiye da ɗaya ta ɗauke ta, ta kai wa ofishin tallafin ɗaya tayin ɗayar cikin ladabi, ta roƙi a sake dubawa. Ana dacewa.

NHSC kan buɗe karɓar takardu ne a farkon bazara, kuma ba ta daɗewa a buɗe. Za su nemi rubutu a kan dalilin da ya sa take son yi wa marasa galihu aiki, su kuma suna gane wanda ya taɓa yi da wanda ya haddace zance, don haka ta kawo aikin sa kai da ta yi da hannunta. Za su nemi wasiƙun shaida biyu, ɗaya daga malami, ɗaya daga wanda ya san aikinta a wajen aji. Ta fara roƙonsu tun wannan makon, don wasiƙun nan su suka fi komai ɓata lokaci.