Injin wanke zobe: na saya na gwada, ga abin da na gani

Magana ɗaya dai, injin nan yana aiki, amma in zobe ɗaya tal kike da shi ki riƙe kuɗinki ki ƙara a kayan kicin. Ina nufin ɗan injin wanke gwal ɗin nan da masu sayar da kaya ke ta tallatawa a Instagram, wanda za ki ga an jefa sarƙa ciki ruwa ya yi baƙi wai cikin minti 3 ta koma sabuwa. Tun da aka kawo min zoben baiko ƙawaye suka dame ni sai na saya sai na saya, to na saya, kuma na yi amfani da shi tun daga ƙarshen damina har cikin hunturu, don haka ina ga na isa in ce wani abu a kai.

Shi injin ɗan ƙarami ne, girmansa kamar kular abincin 'yan firamare, cikinsa ƙarfe, da ɗan kwandon roba da murfi da maɓalli biyu. A jikin kwalin an rubuta yana cin ruwa mililita 600 kuma yana girgiza sau 42,000 a daƙiƙa ɗaya. Ba buroshi a ciki ba komai, girgizar ce ke haifar da wasu 'yan mitsi-mitsin kumfa a cikin ruwan waɗanda ido ba ya gani, suna fashewa a jikin zoben suna ɓamɓaro dattin da ya maƙale a lungu. Ƙararsa zzzz ce kawai, ba ta tashin mai barci. Abu ɗaya da za ki duba kafin ki biya, ki tabbata an rubuta 220 zuwa 240 a wajen ƙarfin wuta, don akwai waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka masu 110, kina jonawa a soket ɗinmu shi kenan ya ƙone. Nawa filoginsa mai baki biyu ne sai da na nemo adafta. Kuma ba shi da batir, in an ɗauke wuta sai ki zauna jira ko ki jona a inbata.

Zobena gwal ne mai karat 18, an buga 750 a cikinsa, wato kashi 75 cikin 100 zinari ne sauran wasu ƙarafa ne da ake haɗawa don ya yi ƙarfi. Dutsen tsakiya moissanite ne, wani dutse mai kama da daimon amma ba daimon ba, shi mai kawowar bai ɓoye min ba tun farko, sai 'yan ƙananan duwatsu da aka jera a gefe da gefe. Lokacin da na fara sa shi a injin ya riga ya dusashe, in kika juya shi kika leƙa ƙarƙashin dutsen akwai wani abu toka-toka ya cushe ramin dam, haɗin basilin da humra da sabulu da ƙullun fulawa da Allah kaɗai ya san me. Na zuba ruwan ɗumi, na ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo biyu, na danna. Wallahi ina tsaye ina kallo wani siririn hazo ya fara fita daga ƙarƙashin dutsen yana bazuwa cikin ruwan, a hankali a hankali har ruwan ya yi gurɓi. Da na ciro na ɗauraye na kai bakin taga sai ga wutar dutsen ta dawo, har ƙanwata tana cewa Anti canza miki aka yi? A nan kam ba ƙarya, ya yi abin da aka ce zai yi.

Dalilin dusashewar ma ba wani abin mamaki ba ne, irin waɗannan duwatsun maiƙo na kama su sosai, musamman daimon, kuma haske ta sama yake shiga ya bugi bayan dutsen daga ciki ya dawo, da zarar bayan dutsen ya yi maiƙo shi kenan walƙiya ta mutu ko da kin goge saman har ya gaji. Mu kuwa hannunmu ba ya rabo da mai, ga turaren wuta da muke tsugunawa a kai hayaƙinsa mai danƙo ne yana zama a jikin komai.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Yayata da ta yi shekaru da aure ta zo ta gan ni da injin ta yi dariya ta ce ke dai kuɗi ne ke miki ƙaiƙayi. Ta ɗauko kofi ta zuba ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ta ɗiga sabulun wanke-wanken nan dai, ta jiƙa nata zoben kamar minti 20, ta sa buroshin haƙori na jarirai mai laushi ta bi ƙarƙashin dutsen da gefe-gefe a hankali, ta ɗauraye a cikin roba ta tsane da tsohon kallabin auduga. Muka jera su biyun a kan farin faranti, ni dai idona bai ga wani bambancin a zo a gani ba. Inda injin ya fi shi ne sarƙa mai ƙananan ido da 'yan kunne masu zane-zane da buroshi ba ya shiga, a nan kam ya yi wa hannu nisa. Amma zobe ɗaya? Kofi da buroshi sun wadatar.

Sannan akwai abin da masu tallar ba sa faɗa. Injin ba ya goge ƙarzuwa, in gwal ɗinki ya kakkarce a haka zai fito, sai dai ya fito da tsabta ƙarzuwar ta ƙara bayyana ma. Ba ya kuma cire baƙin azurfa. Na karɓi zoben azurfar Abbanmu mai tambarin ingancin azurfa 925 da ya yi baƙi na sa, ya gama girgizarsa ya fito yadda ya shiga, saboda baƙin azurfa ba datti ba ne, ƙarfen ne da kansa ya haɗu da sinadarin salfa da ke cikin iska ya canza launi. Abin da ya fitar da shi shi ne na shimfiɗa takardar foyil a kwano, na zuba ruwan zafi da bakin soda cokali ɗaya, na sa zoben ya taɓa foyil ɗin, 'yan mintuna ya yi fari tas har da ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai yana tashi. Wannan kuwa na azurfa zalla ne mara dutse, kar wata ta je ta jefa zoben baikonta.

Abin da ya fi sa jikina ya yi sanyi da injin shi ne maganar wani dattijo maƙerin gwal a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna. Na je a rage min wata awarwaro sai hira ta kawo, na ce Baba ni fa yanzu da inji nake wanke zobena a gida. Ya ce kawo in gani 'yata. Ya sa ɗan gilashinsa a ido ya jujjuya shi, sannan ya kai zoben kusa da kunnena ya ɗan ƙwanƙwasa da farce ya ce kin ji? Na ji wata 'yar ƙara ƙas-ƙas. Ya ce ɗaya daga cikin ƙananan duwatsun ne ke rawa, 'yan faratan gwal ɗin da ke riƙe shi sun ɗan buɗe, wani lokacin ma dattin ne ke riƙe da dutse, injin na wanke dattin ya girgiza shi sai ki tsince shi a gindin ruwa in kin yi sa'a, in ba ki lura ba ki zubar da shi a rariya. Ya ce su ma suna amfani da irinsa babba a shago amma sai sun duba kowane dutse kafin su sa, su sake dubawa bayan sun cire. Ya matse min faratan nan take, abin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba. Ya kuma ce in na ga zoben ya fara kama zaren mayafi ko yana jan gashi to alama ce farce ya ɗaga, in cire in kawo.

Kuma ba kowane dutse ke shiga injin ba. Zumurrudu ba ya shiga, don yawancinsa ana cike tsagarsa da mai ne, girgiza na fitar da man tsagar ta bayyana. Opal da lu'ulu'un cikin kawa da murjani duk ba sa shiga. Kayan GL da na fashon da aka yi wa ruwan gwal a sama ko aka manna duwatsunsu da gam su ma ki bar su, za ki ciro zobe daban duwatsu daban. Takardar da ke cikin kwalin ta ɗan ambaci wannan amma da wani ƙaramin rubutun Turanci da ba kowa zai tsaya karantawa ba, mai sayarwar kuwa cewa ta yi min komai da komai yana wankewa.

Tunda ana maganar wanki bari in faɗi wannan, don Allah a daina goge gwal da makilin ko toka ko omo. Daimon yana da taurin 10 a ma'aunin Mohs, moissanite wajen 9 da kwata, su ba abin da zai same su, amma shi gwal taurinsa bai wuce 3 ba, makilin na da ɗan gari-gari a ciki da ke karce shi. Bilic kuwa ya fi komai muni, sinadarin kulorin yana cin ƙarafan da aka haɗa gwal da su har faratan su yi rauni su karye, don haka ranar wankin banɗaki ko jiƙa fararen kaya a cire zobe. Mai farin gwal ita kuma ta sani rufin wani farin ƙarfe mai suna rodiyom ne a samansa, yana gogewa da kansa a hankali ya fara yin rawaya-rawaya, ba wankin da zai dawo da shi sai an sake masa rufi a wajen maƙera.

Hunturun Kaduna ma nasa daban. Ƙurar nan da ke sauka a kan komai akwai yashi a cikinta mai taurin 7, ya fi gwal nesa ba kusa ba, in kika ɗauki zoben da ƙura a jiki kika murje da busasshen tsumma ke da kanki kike karce shi, gara ki fara ɗauraye shi da ruwa. Ga sanyin asuba yatsa na tsukewa, ga mai an lafta, zobe sai ya sulɓe wajen alwala ko wanke-wanke ba ki ji ba. Ni yanzu ɗan ƙaramin kwano na ajiye a kan madubi, shafa mai, kwaɓa fulawa, tuƙa tuwo, ƙunshi, duk sai na cire na sa a nan, wuri ɗaya kullum. Amaren da za su shiga gyaran jiki kuwa, dilka da halawa da kurkum, ku ba Umma zoben ta ajiye har a gama.

Wa zan ce ta saya? Wadda aka zuba wa gwal a lefe, sarƙoƙin Dubai da na Saudiyya masu karat 21 da 22 marasa duwatsu, ko gidan da mata ke da yawa a haɗa kuɗi a sayi ɗaya, ko mai sayar da gwal a gida da take so kayanta su riƙa ƙyalli a hoto. Yana wanke gilashin ido ma ta wajen hancin nan da datti ke taruwa, shi ne ma aikin da ya fi yi a gidanmu yanzu. In maki ne zan ba shi 3 cikin 5. Zoben baikon dai na koma kofi da buroshi duk sati biyu, in kai wa Baba maƙerin nan ya duba faratan duk wata 6, kuma ya ce kafin biki in kawo ya goge min ƙarzuwar gaba ɗaya.