Rinannen katako a madadin eboni: abin da na gani a teburin aikina

Ƙananan sifofin gine-gine nake yi da katako a nan Jos, irin waɗanda ake sawa a akwatin gilashi. Wanda ke hannuna yanzu Masallacin Juma'a na Zariya ne, wanda aka gina kwafinsa a harabar gidan tarihi na Jos, kuma ƙofofi da gefen dandamalin na so su fito baƙi wuluk. Eboni ne ya dace da wannan aiki. To amma je ka Kasuwar Katako ka tambaya: maɗaci da iroko za a nuna maka, ko a miƙo maka wani guntu da aka shafa wa baƙin fenti a ce shi ne.

Ƙarancinsa da dalili. Eboni ɗan'uwan kanya ne, dangi ɗaya suke, sai dai baƙin na gaske a kurmin Kamaru da Gabon da kudu maso gabashin Najeriya yake fitowa, kuma girmansa a hankali ne ƙwarai. Bayan kamfanin jita na Taylor ya shiga mallakar wani injin yankan eboni a Yawunde a 2011, mai kamfanin ya bayyana cewa masu sara kan kayar da bishiya kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi tsantsa, sauran a bar su a daji. Na Madagaska kuwa tun 2013 aka sa wa cinikinsa takunkumi a yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa.

Sai na yi odar siraran sandunan honbim ta intanet. Farin katako ne na Turai, mai tauri, wanda ake tura wa rini da matsi har ya ratsa cikinsa. Suna isowa na sa zarto na raba ɗaya biyu, don ba na yarda da baƙin da ban ga cikinsa ba. Siraran baƙi ne har tsakiya. Mafi kaurin ne na tarar da ɗan toka-toka a zuciyarsa, kamar rinin ya gaji a hanya.

Wajen lanƙwasa ya saye ni. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin lanƙwasa siririn eboni ya san yadda yake yi: kana lallaɓa shi sai ka ji ƙas, ya karye, kuɗinka ya tafi. Wannan kuwa na ba shi tururi, na ɗora a kan zazzafan ƙarfe, ya bi bakan ƙofa ya zauna. Gam yana kama shi da kyau, ba ya dakushe wuƙa da wuri, kuma hunturun Jos da ke tsaga katako ya wuce bai yi masa komai ba.

Aibinsa rinin ne. Garin da ke fita wajen goge shi da samfefa yana shiga jikin duk wani farin katako da ke kusa, kuma in ya jiƙe yana ɗan zuba. Dole ka goge shi daban, ka shafe farin da man sheƙi kafin ka haɗa su. Sannan ba shi da nauyi. Eboni nutsewa yake yi a ruwa, in ka goge shi yana sheƙi da kansa, da sanyi a tafin hannu. Wani abokina mai yin carbi ya ɗaga guntu ɗaya, ya jinjina, ya ce, "Malam, wannan ai na kallo ne, ba na ja ba." Gaskiyarsa. Carbi ko ƙotar wuƙa, a nemi na ainihi.

Na kuma gwada na gida don kwatantawa: soson ƙarfe a ruwan kal, a shafa wa maɗaci bayan an jiƙa shi da ruwan bagaruwa, wadda majema ke jima da ita. Nan take yake yin baƙi, kuma kusan kyauta ne, sai dai a fata kawai yake tsayawa. Ka sassaƙa kaɗan ja ya leƙo. Ga faffaɗan allo ya wadatar. Ga siraran da za a yanka a goge, zan sake sayen honbim ɗin, amma waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 5 ba, domin rinin bai kai zuciyar mafi kaurin ba.