GARGAƊI: Hattara da mai kawo ekstenshin ɗin "kariyar wuta" a gurup-gurup na Jidda da Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk mai sifika, amfilifaya ko wufa a gida ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum, ɗan uwanmu ne Bahaushe, da yake tallan ekstenshin a gurup ɗin WhatsApp, yana cewa wai na musamman ne don kayan sauti, yana tare wuta in ta yi tsalle, har sautin ma wai yana ƙara masa tsabta. Riyal 85 yake sayarwa, shi zai kawo maka har ƙofar gida, ba shago, ba fatura (rasit), ba daman (garanti). Wallahi jabu ne.

Maƙwabcina a nan Jidda ya sayi guda biyu. Bawan Allah ne mai iyali, ya daɗe yana tara kuɗi ya haɗa amfilifaya da sifiku, da su ake saka karatu da wa'azi in ana walima ko suna a gidan. Rannan wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, sai ƙaurin roba, amfilifaya ta mutu nan take, ekstenshin ɗin kuma jar fitilarsa na nan tana ci kamar ba abin da ya faru. Muka kai wa kahraba'in unguwa, wato mai gyaran wuta, ya kwance a gabanmu. Jama'a ba komai a ciki! Siraran ƙarafa biyu, makunni ɗaya da 'yar fitila, shi ke nan. Ƙafar fulogi ta uku tana nan a waje amma ba wayar ƙasa da aka haɗa mata, ado ce kawai. Ya kankare wayar da wuƙa sai ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Wurin fiyus kuma guntun ƙarfe aka cusa. A kwalin an rubuta joule 4000 da manyan baƙi.

Mai gyaran ya ɗauko wani na gaske ya nuna mana bambanci. Na gaske yana da wani abu zagaye kamar kwabo, yawanci shuɗi, ana ce masa MOV, shi ne yake shanye wutar da ta haura kafin ta isa kayanka. Lambar joule ɗin nan ita ke nuna yawan bugun da zai iya sha, kuma shi ma yana tsufa, duk bugu yana rage masa ƙarfi, shi ya sa masu kyau suke da fitila ta daban da ke nuna kariyar tana nan, ba fitilar makunni ba. Wanda ba MOV a ciki ekstenshin ne zalla ko da me aka rubuta a jikinsa.

Abin da ya fi ɓata min rai ma ba amfilifayar ba ce. Fulogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a ƙasar nan, irin namu na Najeriya, fiyus ɗinsa bai wuce amfiya 13 ba, kusan wat 3000 ke nan a wutar bolt 230, in kaya sun yi yawa fiyus ya tsinke a huta. To an cire wannan, waya siririya, an tura shi bayan kujera kan kafet cikin zafin Jidda, yara suna kwance a falo, wani ma ya ƙara jona hita ko ayan a kai. Gobara fa ake sayar mana.

Sannan ƙaryar da mai tallan yake yi cewa ekstenshin ɗin yana daidaita wuta. Ko na gaske ba ya yin wannan, aikin sitabilaiza ne. Kuma tsofaffin gidaje har yanzu akwai masu soket ɗin bolt 127 da na 220 a ɗaki ɗaya, in ka kawo kayan 110 daga Amurka ka jona a 220 ba ekstenshin ɗin da zai cece su. Haka gidan da ba a ja masa wayar ƙasa ba, kariyar ba za ta cika ba, a tambayi mai gyara tukuna.

Da maƙwabcin nawa ya kira mai tallan, farko cewa ya yi "ai Alhaji wutar gidanku ce", washegari ya yi bulokin ɗinsa. Na ji yanzu da wata lamba yake tallan a gurup ɗin Makka, hoton kwalin dai bai canza ba, baƙi da ruwan ɗorawa. Yana amfani da kunyarmu ne, ya san Bahaushe ba ya son kai ɗan uwansa ƙara, balle a ƙasar mutane.

In za ku saya ku je shago tsayayye, ku karɓi fatura, ku duba alamar inganci ta SASO (hukumar ingancin kaya ta Saudiyya), akwai manhajar Ta'akkad da ake tantance ta a waya. Ku ɗaga ku ji nauyinsa, waya mai kauri ce ko kuwa, a buɗe muku wurin fiyus ku gani da idonku. Wanda aka riga aka cuta ya kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900 ko ya shigar ta manhajar Balagh Tijari, kar ya goge hirarsu da shaidar tura kuɗin. Admin-admin don Allah ku daina barin tallansa yana wucewa. Wanda kuma yake da irin wannan a gida yanzu, ya zare shi daga bango yau ɗin nan, kar ya ce sai gobe.