Sandar ayyukan Windows 11 a shagon buga takardu: tana buɗe manhaja da sauri, tana ɓata lokaci wajen sauyawa

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shagunan buga takardu da wuraren shiga intanet a Garwa, Marwa, Ngaundere da Injamena suka shiga komawa Windows 11, wasu da son ransu, wasu don haka kwamfutar ta zo daga kasuwa. Abin da mai aiki yake fara cin karo da shi shi ne sandar ayyuka, zirin nan na ƙasan allo wanda Windows ɗin Faransanci ke kira Barre des tâches. Aikinta biyu ne: buɗe manhaja, da kai mutum daga wannan taga zuwa waccan. A na farko ba ta da laifi. A na biyu, yadda take fitowa daga kamfani, an tsara ta ne don mai babban allo da intanet mai arha, ba don mai buga takardun mutum huɗu a lokaci guda ba.

Buɗe manhaja ba ya buƙatar dogon bayani. Tsarin liƙa gumaka da aka kawo a Windows 7 a 2009 yana nan: ka danna dama a kan manhajar da ke buɗe, ka zaɓi Épingler à la barre des tâches, shi ke nan ta zauna. Danna dama a kan gunkin Word yana fito da takardun da aka buɗe kwanan nan, kuma ana iya liƙa wanda ake yawan nema, kamar samfurin takardar neman aiki ko ta rasit, ya zauna a sama kullum. Maɓallin Windows da lamba yana buɗe manhaja bisa jerinta daga hagu, 1 ta farko, 2 ta biyu. A nan masu madannin Faransanci na AZERTY, wato akasarinmu, su lura: a wannan madanni hannu ya saba danna Maj (Shift) kafin ya sami lamba, amma a nan ba a buƙata. Windows da maɓallin & kaɗai ya isa. In ka haɗa da Maj, sabuwar taga za ta buɗe a maimakon wadda kake nema, kuma haka ake wayar gari da tagogin Word shida babu komai a ciki.

Matsala ta farko ita ce kai gumaka tsakiya. Daga Windows 95 har Windows 10, in ban da Windows 8, maɓallin Démarrer, wanda ke buɗe jerin manhajoji, yana kusurwar hagu ta ƙasa, kuma akwai dalili. Kusurwar allo ita ce wurin da ya fi sauƙin samu da linzami, domin ko ka wurga shi da ƙarfi ba zai wuce gefe ba. Masu tsara manhaja suna danganta wannan da ƙa'idar da Paul Fitts ya fitar a 1954 kan nisa da girman abin da hannu ke nufa. A tsakiya kuwa, duk manhajar da aka buɗe sai jerin ya faɗaɗa ta hagu da dama, kowane gunki ya matsa. Inda Excel yake da safe ba nan yake da azahar ba, don haka hannu ba ya haddace wuri, dole ido ya bar takarda ya sauko ya duba. Gyaran minti ɗaya ne: Paramètres, Personnalisation, Barre des tâches, Comportements de la barre des tâches, a mayar da Alignement zuwa Gauche.

Ta biyu ta fi cin rai. Ɗauki shago kusa da jami'ar Ngaundere a Dang lokacin da ɗalibai ke kawo kundin kammala karatu. Takardun Word huɗu a buɗe, na mutum huɗu, duk an tattara su a ƙarƙashin gunki ɗaya. Mai bugawa zai ɗora linzami, ya jira ƙananan hotunan tagogin su fito, ya ga fararen shafuka huɗu masu kama ɗaya, sunayensu a gutsure, sannan ya zaɓa. Mataki uku kenan a inda ɗaya ya isa, kuma nan ne ake buga babin wani a cikin kundin wani, ko a tura shafi sittin na wanda bai biya ba zuwa firinta. Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021 ba tare da hanyar raba su ba. Sai a ƙarshen 2023, lokacin sigar 23H2, zaɓin ya dawo, a wannan shafi na Comportements, a layin Combiner les boutons. Zaɓar Jamais yana ba kowace taga maɓallinta da sunanta. A allo mai faɗin ɗigon allo (pixel) 1366, zaɓin tsakiya, wato haɗa su sai in sandar ta cika, ya fi dacewa, in ba haka ba tagogin da suka rasa wuri za su faɗa cikin ɗigo uku na ƙarshen jeri.

Ko da an raba, akwai sauran aibi. Faɗin maɓallin yana bin tsawon sunan tagar, saboda haka in ka sauya shafi a Chrome sunan ya canja, maɓallin ya miƙe ko ya tsuke, na kusa da shi su gusa. Dabarar da ke rage wannan ita ce ba fayil suna gajere wanda ya fara da abin da ya bambanta shi, sunan mai takardar tukuna, ba "Document" ba. Wanda ya bar su a haɗe kuma, riƙe Ctrl yana danna gunkin zai zagaya da shi tagogin ɗaya bayan ɗaya ba tare da jiran hotuna ba.

Alamar da ke nuna manhaja tana buɗe ɗan gajeren layi ne mai launin toka a ƙarƙashin gunki, wanda ke ƙara tsawo ya yi launi in tagar ce a gaba. A allon da ya sha ƙurar hunturu, a shagon da ƙofarsa ke kallon rana, ba kowa ke ganinsa ba.

Sai tsayi. Sandar tana cin ɗigon allo 48 in girman rubutu yana kashi 100, ta Windows 10 kuwa 40 ce, ko 30 da ƙananan gumaka. A tsofaffin kwamfutocin EliteBook da Latitude masu allo 1366 da 768, wannan ya haura kashi 6 cikin ɗari na tsayin allo, a injin da aikinsa duba shafi a tsaye ne. A da, maganin shi ne a ja sandar gefe, inda wuri ya yi yawa. Daga fitowarta har sigar 24H2, Windows 11 ba ta ba da wannan a Paramètres ba, kuma dabarar sauya StuckRects3 a rajista (ma'ajiyar saitunan Windows) da ta yi aiki a sigar farko ta lalace a 22H2. Abin da ya rage shi ne ɓoye sandar ta riƙa fitowa in linzami ya taɓa ƙasa, wanda ke rikita abokin ciniki da bai saba ba.

Akwatin bincike da Widgets, wato allon labarai da yanayi, a cire su. Akwatin yana cin wurin gumaka da yawa, kuma ko babu shi, danna maɓallin Windows ka fara rubuta sunan manhaja yana yin aiki iri ɗaya. Widgets kuma labarai da hotuna yake saukowa da su, da megan da aka saya da sefa. In da waya ko modem ake haɗawa, a kunna Connexion limitée, mai tsimin mega, a saitin Wi-Fi ɗin.

Gefen dama yana da kyau in an gyara shi. Alamar harshe tana nuna madannin da ke aiki, Windows da Espace yana sauyawa, abin da masu buga Faransanci da Larabci a Injamena da Kusiri suke yi ba adadi a yini. Gunkin cire kile (filashin USB) yana ɓuya a bayan ƙaramar kibiya. A fito da shi fili ta jerin sauran gumakan da ke shafin sandar, inda yake ɗauke da sunan Explorateur Windows.

Kafin a zargi sandar da rashin wani abu, a danna maɓallin Windows, a buga winver a duba siga. Injuna da dama ana zuba musu Windows daga tsohon kile, a kashe sabuntawa don tsimin mega, su tsaya a 21H2. A can ba a iya jan fayil zuwa kan gunkin manhaja, wannan sai a 22H2 na Satumba 2022, kuma danna dama a sandar ba ya fito da Gestionnaire des tâches, tagar da ake rufe manhajar da ta maƙale. In Windows ɗin ba a kunna lasisinsa ba, shafin Personnalisation a kulle yake, duk gyaran da ke sama ba zai taɓu daga can ba.

Akwai manhajojin da ke dawo da tsohuwar sanda: ExplorerPatcher kyauta, StartAllBack da Start11 na kuɗi. Suna aiki, har da kai sanda sama. Amma suna shiga cikin explorer.exe ne, shirin da ke zana sandar da tebur gaba ɗaya, kuma a 2023 Microsoft da kansa ya sanar cewa wasu sabuntawa sun sa injuna masu irin waɗannan manhajoji sun kasa tashi daidai ko Démarrer ya ƙi buɗewa. A injin mai gyara da ya san ya danna Ctrl, Maj da Échap, ya kira appwiz.cpl ya cire manhajar, babu damuwa. A injin shago da ke da layin mutane a ƙofa, ba mu ba da shawara ba.

Injin da bai kai sharaɗin Windows 11 ba, wato guntun tsaro na TPM 2.0 da, a ɓangaren Intel, furosesa daga zubi na 8 zuwa sama, yana da wata hanya: a zuba masa Linux a maimakon Windows. Sandar Cinnamon ta Linux Mint 22, wanda tallafinsa ya kai 2029, tana zama a kowane gefe cikin huɗu kuma ana rage tsayinta. Sai dai a gwada firinta da sikana ta hanyar tayar da Linux kai tsaye daga kile kafin a goge komai, a kuma buɗe kundin Word mai teburori da yawa a LibreOffice a ga ko shafukan sun zauna inda suke.