Hattara maharban Abuja: ana sayar da abin bara na jabu a intanet

Salamu alaikum 'yan'uwa maharba, manya da ƙanana. Da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, kowa ya ɗauko baka yana son ya gyara hannu kafin shiga daji, sai 'yan damfara su ma su fito nasu farautar. Akwai masu talla a Instagram da Facebook da zaurukan WhatsApp da ke cewa sun shigo da abin bara daga Amurka, wato katifar da ake harba wa kibiya wajen atisaye. Za ka ga hoton Block, ko buhun Morrell, ko na Rinehart mai fuska 18, a farashin da bai kai rabin na gaskiya ba. Waɗannan kamfanoni na gaske ne, kayansu kuma masu kyau ne. Sunansu da hotunansu kawai aka sata.

Damfarar kashi 2 ce. Ta farko tsohuwa ce: a ce shago yana Wuse ko Gwarimpa amma ba a ba ka lambar shago, a ce saura guda 1, ka tura kuɗi a kawo maka. Sunan asusun daban, sunan shagon daban. Ka tura, sai a nemi kuɗin ɗan aike, daga nan layi ya mutu. Wannan kuɗi kawai take ci.

Ta biyun ita ce ta sa muka yi wannan rubutu, domin ita kaya na zuwa, kuma tana iya raunata mutum. Ɗan aike zai kawo maka abu mai kusurwa huɗu, an naɗe shi da leda mai sheƙi, an manna hoton barewa da zobban bara, ka ɗaga ka ji nauyi. Ka biya. Abin da ke ciki kuwa farin soson nan ne da ake cusawa a kwalin firij da talabijin, ko guntayen tsohuwar katifa. Da yake waɗannan ba su da nauyi, sai a binne ƙaramin buhun yashi ko guntun katako a tsakiya. Nauyin da ka ji ka yarda da shi, shi ne zai karya maka kibiya.

Sai mutum ya san yadda na gaske ke tsayar da kibiya kafin ya gane na jabu. Ba tauri ke tsayar da ita ba, matsi ne. Mai falle-falle, irin Block, siraran shimfiɗun soson roba ne aka jera aka matse da ƙarfi. Kibiya na shiga tsakanin falle da falle, suna riƙe jikinta har gudunta ya ƙare. Na buhu an danƙare shi ne da zaren roba, shi ke shanye ƙarfin. Sai na curi guda, irin na Rinehart, wanda ramin kibiya ke komawa ya kusa rufewa bayan an zare ta. Farin soson firij ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙwayoyi ne aka manne, kibiya na taɓa su suna rugujewa, rami ya zauna a buɗe. Soson katifa kuwa iska ce ta fi yawa a cikinsa, ga shan ruwa.

To ka ɗauki baka na zamani mai tayoyi, mai ƙarfin ja fam 60, kusan kilo 27 ke nan. Kibiyarsa na iya gudun ƙafa 270 zuwa 300 a sakan guda. Irin wannan kibiya za ta keta farin soso mai kaurin santimita 30 kamar babu komai a wurin, ta fice ta baya. A Kubwa ko Lugbe ko Nyanya, bayan katangarka tsakar gidan wani ne, da yara a ciki. In kuma ta faɗa kan katakon da aka ɓoye, kan kibiyar na iya nutsewa cikin sandar ya tsaga bakinta, ko gindin da ke kama tsirkiya ya fashe. Kibiyar alminiyom lanƙwashewa take yi, ka gani da ido ka ajiye ta. Ta kabon ba ta nuna ciwonta: tana tsagewa ta ciki, a harbi na gaba ta tarwatse a kan baka, tsinkayenta su shige bayan hannun da ke riƙe da bakan. Duk kibiyar kabon da ta bugi abu mai tauri, ka riƙe ta baki da baki, nesa da fuska, ka ɗan lanƙwasa kana juya ta. Ka ji ƙas-ƙas ko kaɗan ne, ta mutu, karya ta ka jefar kada wani yaro ya tsinta.

Bidiyon da suke turowa ma kada ya ruɗe ka. Duba bakan da ke hannun mai harbin. Yawanci na yara ne, fam 15 ko 20, wanda kibiyarsa ba ta da wuyar tsayarwa. Ba kuma za su taɓa nuna maka bayan abin ba.

Akwai wata ƙarya da ke tona musu asiri tun a waya. Tambayi mai sayarwa ko buhun nasa na ɗaukar kan farauta, mai reza. In ya ce yana ɗaukar kowane iri, bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani yana ƙarya. Buhu na kan atisaye ne kawai, mai tsini marar kaifi. Kai mai reza yana yanka buhun, ya sarƙe a zaren ciki, ba ya fita sai an farke. Kibiyarmu ta gargajiya mai kunne ta fi haka muni, don an ƙera ta ne musamman kada ta fito. Ita tudun yashi mai laushi ya fi mata, ko a sa maƙeri ya yi kan da babu kunne mai nauyi ɗaya da na farautar. Kan reza sai soson roba na kirki, kuma shi ma yana cinye shi da sauri, shi ya sa ake ware masa fuska guda. Tambaya ta biyu: kibiya mai gudun ƙafa nawa a sakan abin ke ɗauka? Kamfanonin gaske sukan bayyana wannan, domin wanda aka yi wa baka na hannu ba lalle ya tsayar da kibiyar baka mai kunama, wato wanda ake harbawa kamar bindiga, ba, wadda kan haura ƙafa 350.

Mutum-mutumin dabba ma an shigo da shi cikin harkar. Na gaske soso ne, kuma da yawansu ƙirjin ana cire shi a sa sabo idan ya ragargaje. Abin da wasu ke turowa gunkin adon lambu ne, na roba mai tauri ko na faiba, cikinsa fanko. Kibiya ko ta fasa shi ta wuce, ko ta zame ta yi gefe, inda ba wanda ya nufa. Ƙwanƙwasa shi da yatsa. In ya amsa kamar bokiti, mayar masa da abinsa. Ko na gasken ne ma, a tuna siffar barewar Amurka ce, ƙirjinta ya fi na gada faɗi nesa ba kusa ba. Wanda ya saba da shi sai ya zana ƙaramin zobe, kamar tafin hannu, ya riƙa nufar wannan.

Idan kaya ya iso, kada kuɗi ya fita sai an yi gwaji a gaban ɗan aike. Danna babban yatsa da ƙarfi: soson kirki yana turjewa ya dawo, farin soso yana ƙara ya bar gurbi. Samo siririn ƙarfe mai tsini, kamar wayar tayar keke, ka soka ta fuskoki 3 ko 4 har tsakiya. Turjiyar ta zama iri ɗaya ko'ina. In ya wuce sululu sannan ya ci karo da abu, an binne wani abu. Jijjiga shi a kusa da kunne, yashi ba ya ɓoye kansa. Daga nan ka jingina shi a gaban tudun ƙasa, ba katangar bulo ba, ka harba tsohuwar kibiya da bakanka daga mita 10, guda 3 a wuri ɗaya. Tsini bai kamata ya leƙo ta baya ba, gashin kibiya kuma kada ya kusanci fuskar abin baran. Mai kayan da ya ce gwaji zai ɓata masa kaya ya ba ka amsa ke nan, abin da aka yi don dubban kibau ba guda 3 za su lalata ba.

Wanda aljihunsa bai kai na waje ba, babu dalilin faɗawa hannun waɗannan mutane. Buhun shinkafa mai kilo 50, a je wurin tela a karɓo ƙyallaye, a cire zif da maɓalli da duk wani ƙarfe, a riƙa zubawa ana kirɓawa da taɓarya har ya yi tauri, kaurinsa ya kai santimita 35 zuwa 40, a ɗinke baki. Idan tsakiya ta yi laushi a kwantar da shi a tattake, ko a ƙara tsumma. Na kan reza kuma a yanka tabarmar roba irin ta ɗakin motsa jiki falle-falle, a jera, a matse tsakanin katako 2 da dogayen ƙusoshi masu zare guda 4, waɗanda ake samu a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, a riƙa harbin gefen fallayen. Duka biyun a ajiye su a inuwa: rana na cinye buhu ya zama gari, ruwan damina kuma na ruɓar da tsumma.

In an riga an cuce ka, kada ka goge komai. Ɗauki hoton tallar, da hirarku, da shaidar tura kuɗi mai lambar ciniki, kafin su rufe shafin. Kira bankinka a ranar, ba washegari ba, don irin wannan kuɗi ba ya kwana a asusu. Sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. EFCC na da hedikwata a Jabi, ƙorafin kayan jabu kuma aikin FCCPC ne, wato hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya. Abin da aka kawo maka kada ka jefar, kada kuma ka sake harbinsa. Yanka shi gida biyu a gaban kyamara, yashin da katakon su fito fili, ka tafi da shi a matsayin shaida.